Maigida a Gindin Bishiya, Yaro a Bakin Wuta

Wayar hannu ta kawo wa masu ƙananan sana'o'i wani abin da ba su saba da shi ba. Yau mutum yana iya yin ciniki, ya karɓi kuɗi, ya biya bashi, ya aika wa yaransa umarni, ba tare da ya taka ƙofar shagonsa ba. Yana iya kasancewa a gona, ko a bakin kogi, ko a inuwar kuka a ƙauyen iyayensa, sana'arsa kuwa tana tafiya a birni. A Turai da Amurka, tun daga annobar korona ta 2020, mutane da yawa sun mai da wannan burinsu: su tashi daga hayaniyar gari, su zauna kusa da itatuwa da ruwa, su riƙa aiki ta kwamfuta. Maganar ta iso Kano da Jos da Maradi, ba a kuwa rasa masu sha'awarta ba.

To, ko daidai ne mai sana'a ya yi haka? In daidai ne, da wane sharaɗi? Amsar da za a bayar a nan ita ce, hutu a cikin halitta abu ne mai kyau, mai sana'a kuma yana da iko ya neme shi. Amma kusan kowace sana'a tana da wanda ba ya iya tafiya, gama aikinsa na hannu ne. Da halin wannan mutum ne za a auna hutun maigida. Domin a ga maganar a fili, yana da kyau a dubi wani wuri inda aka gwada ta da wuta, wato unguwar masana'antu ta birnin Khartum a ƙasar Sudan.

Tsakanin Gareji da Kurmi

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da koguna suka raba: Khartum, da Omdurman, da Bahri. A tsakaninsu ne Farin Nilu, wanda ya taso daga wajen Uganda, yake haɗuwa da Shuɗin Nilu, wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku yana da unguwar da ake ce wa Mantiƙa Sinaiya, wato da Larabci unguwar masana'antu. Kafin 2023, a ta Bahri ne manyan masana'antu suka fi yawa, na garin alkama da man girki da sabulu da magani. A ta Khartum da ta Omdurman kuwa, ban da masana'antu, akwai layi-layi na ƙananan rumfuna: makanikai, masu walda, masu fenti, masu facin taya, kafintoci, da masu sayar da kayan gyaran mota. Gwanin sana'a a can ana kiransa usta, yaransa kuma suna kewaye da shi kamar yadda ake gani a kowane gareji na ƙasar Hausa. A bakin kowane layi akwai mace mai shayi da murhunta na gawayi. A watan Mayu da Yuni ma'aunin zafi yakan haura 40, ga hayaƙin inji, ga guguwar ƙura da suke kira habub.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun da daɗewa masu tafiya Makka a ƙafa suke bi ta Sudan, waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, har suka yi gida. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har wa yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanen yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, suna cikin waɗanda suka yi aikin. Jikokinsu 'yan Sudan ne, yawancinsu Musulmi, an san su da noma da kamun kifi da ƙwadago da ƙananan sana'o'i. Gasasshen naman nan mai yaji da duk Khartum take kira agashe, sunansa ma ya nuna daga bakin wa ya fito.

Abin lura shi ne, babban titin da ya bi ta gefen Mantiƙa Sinaiya ta Khartum sunansa Shari'ul Gaba, wato Titin Kurmi. Dalilin sunan shi ne kurmin Sunut da yake bakin Farin Nilu, ba nisa da garejojin. Sunut ita ce bagaruwa, wadda majema suka sani. Tun shekarun 1930 gwamnati ta keɓe kurmin. Kafin yaƙin 2023, da damina kogi yakan cika ya shiga cikinsa, in ruwa ya janye kuma tsuntsayen da suka taso daga ƙasashe masu nisa su sauka su huta. A lokacin, ran Jumma'a iyalai sukan je da tabarma da gahawa. Can gaba kaɗan, a tsakiyar ruwa, ga tsibirin Tuti da gonakinsa na lemun tsami da kayan lambu. Ashe inuwa tana kusa da bakin wuta ƙwarai. Duk da haka yaron mai walda da yake duƙe tun safe har magariba yana iya shekara bai ji kukan tsuntsun kurmin nan ba. Abin da ya raba shi da kurmin rashin lokaci ne, lokacinsa kuwa yana hannun maigidansa.

Marmarin Inuwa Ba Ragwanci Ba Ne

Akwai dattawan da za su ce duk wannan magana ta ragwaye ce, mai neman na kansa ba ya zuwa kallon tsuntsaye. Ba su yi daidai ba. Jiki magayi. Mutumin da ya yi shekara ashirin cikin ƙarar guduma da warin fenti, kunnensa da ƙirjinsa da zuciyarsa sukan ba da shaida. Littafin Farawa ya nuna cewa wurin aiki na fari da aka ba ɗan adam gona ce, aka ce ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Saboda haka in ran mutum ya yi marmarin ganye da ruwa, asalinsa ne yake kiransa.

Masu ilimin zamani ma sun ga haka. A 2019 masu bincike na Jami'ar Exeter a Ingila suka duba rayuwar mutum kusan 20,000, suka tarar waɗanda suke yin aƙalla minti 120 a mako a wuraren itatuwa da ruwa sun fi ba da labarin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. A Japan kuwa tun 1982 hukumar gandun daji take ƙarfafa mutane su riƙa shiga kurmi domin lafiyarsu.

Bahaushe dai bai jira masu bincike ba. Tsarin cin rani ya riga ya haɗa sana'a da ƙasa. Maƙeri ko masaƙi ko baduku yakan yi rani a birni, da ruwan fari ya sauka sai ya rufe rumfa ya koma gona. Noma aiki ne mai wuya, ba mai kiransa hutu, amma yana mai da mutum ƙarƙashin sararin sama, ya ga gajimare, ya san ƙamshin ƙasa, ya tuna cewa ba shi ne yake sa iri ya tsiro ba. Kyawun wannan tsari shi ne, maigida da yaro tare suke tafiya, tare suke komowa. Ga ƙaramin mai sana'a, waya ce ta kawo rabuwa: ta buɗe wa ɗaya hanya, ta bar ɗayan a rumfa.

Da Yaƙi Ya Zo

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum tsakanin sojojin gwamnati da rundunar RSF. Cikin 'yan makonni aka washe kasuwanni da masana'antu, waɗansu aka ƙone su. Mutane suka watse zuwa Wad Madani da Sinnar da Gadarif da Kasala da Bur Sudan, waɗansu har Masar da Cadi. Kafin ƙarshen 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 10 da suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Masu shaguna da yawa suka sami kansu a ƙauyukan kakanninsu, a bakin kogi, a gindin bishiya, da waya a hannu. Abin da waɗansu a Turai suke mafarkinsa, su tilas ta kai su.

A nan ne aka ga bambancin sana'o'i. Wanda sana'arsa ta magana ce da lissafi, kamar dillali ko mai odar kayan gyara daga waje, ya sami ɗan abin yi. Akwai wata manhajar waya ta Bankin Khartum mai suna Bankak, da ita ake aika kuɗi daga wannan hannu zuwa wancan, ita ce ta zama kasuwa da banki gaba ɗaya. Amma yaron gareji, da mai walda, da mai shayi, da mai agashe, ba abin da waya ta iya ɗaukar musu. Injinsu da murhunsu da masu sayensu duk suna wuri ɗaya, wurin kuwa ya zama fagen fama.

Ko masu wayar ma ba su daɗe cikin kwanciyar rai ba. A Disamba 2023 RSF ta kama Wad Madani, waɗanda suka fake a can suka sake gudu. A Fabrairu 2024 layukan manyan kamfanonin waya uku na ƙasar, Zain da MTN da Sudani, suka ɗauke, a waɗansu wurare har watanni. Sai mutum ya nemi inda wani ya kafa na'urar Starlink, ya biya kuɗin sa'a ɗaya, kafin ya iya karɓar abin da ɗan'uwansa ya aiko.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a tuna. Waɗanda suka rage a Khartum da Omdurman da Bahri, da yawansu sun rayu ne da abincin takaya, wato ɗakunan girki na unguwa da matasa masu aikin sa kai suka kafa. Kuɗin girkin yana zuwa ta waya daga 'yan ƙasar da suke nesa. Da layi ya yanke, tukwane da yawa suka sauka. Wannan ya nuna albarkar aiki daga nesa, gama kuɗin wanda yake Saudiyya ko Ingila ya zama wake a kwanon maraya a Omdurman. Ya kuma nuna iyakarsa, gama dole wani ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya bi titi da buhu a ka. An kama waɗansu daga cikin matasan nan, an kashe waɗansu. Mai aikowa da mai dafawa duka sun yi alheri, amma ba farashi ɗaya suka biya ba.

Abin da Waya Ba Ta Ɗauka

Yaƙi ya tona abin da yake ɓoye ko a lokacin salama. Akwai abu uku da waya ba ta ɗauka.

Na fari, nauyin aiki. A 2020 waɗansu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, suka lissafta cewa kashi 37 cikin ɗari na ayyukan Amurka ne ake iya yi daga gida, a ƙasashe matalauta kuwa abin bai kai haka ba. In a Amurka ma yawancin ayyuka suna bukatar mutum ya je da jikinsa, balle a unguwar da ake kwance inji ana ɗaura shi. Duk sa'ad da maigida ya tafi, rabonsa na ɗaga ƙarfe da jure masifar mai mota yana komawa kan wani.

Na biyu, ido. Ba a koyon walda ta saƙon murya. Yaro yana koyo ne ta kallon hannun usta, usta kuma yana gyara shi ta ganin yadda ya riƙe ƙarfe. Iyayen da suka kawo ɗansu gareji amana suka bayar, domin a koya masa sana'a da hali. Maigidan da ya yi nisa yana iya ganin lissafin kuɗi a wayarsa, amma ba zai ga cewa yaron ya fara rama ba, ko ya shiga mugun abota, ko ana ɗaura wa mai mota tsohon birki a ce sabo ne da sunan shagonsa. Gani ya kori ji.

Na uku, haɗari. A Disamba 2019 wata tankar gas ta fashe a wata masana'antar tayil a Bahri, mutum fiye da 20 suka mutu, ma'aikata ne da suke bakin aiki. Haka abin yake a ko'ina. Tartsatsin wuta da faɗuwar mota daga kan jak da ɓarawon dare ba su san lambar wayar kowa ba, wanda suka tarar shi suke taɓawa.

Hutun da Aka Umarta

Shari'ar Musa ta yi maganar hutu, kuma yadda ta yi shi ne abin koyi. A Fitowa sura 23 da Maimaitawar Shari'a sura 5, ba a bar ranar hutu ga mai gida kaɗai ba. An lissafta bawa da baiwa, da baƙo, har da sa da jaki. An ma faɗi dalili, wato domin bara ya huta kamar yadda ubangidansa yake hutawa. Gona ma an ba ta shekarar hutu. Mai iko ba ya bukatar doka kafin ya huta, gama yana iya ɗaukar hutunsa duk lokacin da ya ga dama. An kafa dokar ne saboda wanda ba shi da bakin roƙo.

A Markus sura 6, sa'ad da almajirai suka komo daga aiki a gajiye, ba su sami ko zarafin cin abinci ba, Yesu ya kira su su tafi wurin da ba kowa su ɗan huta. Bai bar su da taron ya tafi shi kaɗai ba. A Littafin Rut kuwa an ga Bo'aza, mai arziki ne, yana da wakili a kan masu girbi, amma ya taso daga gari ya zo gonar da ƙafarsa, ya gaishe su, ya ci abinci tare da su. Saboda ya zo ne ya ga baƙuwar da take kala a bayan masu girbi. Da saƙo ya aika, da ba wanda zai sa sunanta a lissafi.

Hujjar Maigida

Mai shago yana da abin faɗi, ya kamata kuwa a saurare shi. Zai ce, jarin nasa ne, shi ya yi shekaru yana yaro a ƙarƙashin wani kafin ya kai nan, in an yi hasara shi zai ɗauka, kuɗin haya da haraji duk a wuyansa suke. Zai ƙara da cewa sarrafa ciniki daga nesa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana zaune a Kano wakilansa suna sayen gyaɗa a ƙauyuka. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki tsakanin Gwanja da Kano ta hannun wakilai da fatoma da wasiƙun ajami.

Duk wannan gaskiya ne. Ba laifi ba ne mutum ya ci amfanin wahalarsa, ba kuma dole ne dattijo mai shekara sittin ya kwanta ƙarƙashin mota kamar saurayi ba. Amma a dubi yadda tsohon tsarin yake. A gidajen fatauci na dā, maigida yakan ciyar da yaronsa, ya tufatar da shi, ya yi jinyarsa, ya yi masa aure, in ya nuna amana kuma ya yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Nisan da ke tsakaninsu an cike shi da hakki. Wakili ya san cewa gumin da yake yi yana gina nasa gidan ma. Abin tsoro a zamanin waya shi ne a ɗauki rabin tsarin, wato umarni daga nesa, a yar da ɗaya rabin, wato ɗawainiya. Wanda ya kafa hujja da fataken dā, sai ya ɗauki kayansu duka.

Shago a Aljihu

Akwai wani haɗarin da ya shafi maigidan kansa. Mutum yana iya zama a bakin kogi jikinsa kaɗai, ransa yana kasuwa. Waya tana ƙara, yana duba farashin dala, yana faɗa da mai bashi, rana ta faɗi bai ga launinta ba. Irin wannan bai huta ba, bai kuma yi aiki sosai ba. Ba a tauna taura biyu. A dā in an rufe rumfa an rufe, yanzu kuwa rumfar tana cikin aljihu, tana bin mutum har kan gado, har cikin sujada. Wayar nan kuma tana bin yaron, gama maigidan da ba ya barci yakan kira da tsakar dare. A Faransa abin ya kai har an yi doka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2017, ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su shirya da ma'aikatansu yadda za a ƙyale su bayan an tashi aiki. Ƙaramin shago ba shi da irin wannan doka, sai wadda lamirin mai shi ya kafa.

Inuwa Ma Tana da Masu Ita

Ɗan birni yakan ɗauka daji wuri ne da ba kowa, an shimfiɗa shi domin ya zo ya sha iska. Ba haka ba ne. Kowace fadama da kowane bakin kogi suna da masu noma su, da masu kiwo, da masu kamun kifi, wani lokaci kuma da tsohuwar gardama a kansu. A Yuli 2022, da kuma Oktoba na shekarar, rikici a kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka rasa gidajensu. Wanda ya zo da kuɗin birni ya sayi bakin ruwa ya kewaye shi da waya domin hutunsa, ya sani yana iya taka abin da bai gani ba.

Kogi kuma ba kullum yake kwance ba. A Satumba 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Khartum, cikar da ba a taɓa aunawa ba. Mutanen Tuti suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa, irin aikin da 'yan Sudan suke kira nafir, Hausawa kuma gayya. Wanda yake son inuwar tsibirin ranar Jumma'a, akwai buhun da yake jiransa ranar ambaliya. Kurmin Sunut kansa bai tsira ba, gama a shekarun yaƙin an yi masa mummunan sara domin itace da gawayi. Abin da aka tsare kusan shekara 90 ya lalace cikin ɗan lokaci. Umarnin da aka ba ɗan adam a gonar fari kashi biyu ne, ya ci amfaninta ya kuma kiyaye ta.

Ma'aunin Mai Sana'a

To, mai karatu da yake da shago ko gareji ko injin niƙa, yana kuma so ya riƙa komawa gona ko ƙauye yana lura da aiki ta waya, ga abin da zai auna kansa da shi.

Na fari, hutu ya zagaya. In maigida zai yi mako a gona, yaro ma ya sami nasa kwanakin, ba tare da an yanke masa lada ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannun da ya ɗauka kuwa shi ma yana gajiya.

Na biyu, wanda aka bar wa shago a ba shi iko da rabo. Ba daidai ba ne a ɗora masa alhakin hasara a hana shi kaso a riba, ko a sa ya jira izini ta waya kafin ya sayi ƙusa.

Na uku, lada ta fita a kan kari. Littafin Firistoci ya hana a kwana da hakkin ɗan ƙwadago. Wayar da take karɓar kuɗin ciniki cikin minti ɗaya ta kawar da kowane uzuri na jinkiri.

Na huɗu, a sa wa waya iyaka. A yanka sa'o'in da za a yi magana, safe da yamma, sauran lokaci maigida ya dubi gonarsa, yaro kuma ya san ba za a tashe shi da dare ba.

Na biyar, a yi shirin ranar da layi zai ɗauke. Littafin lissafi na takarda, da 'yan kuɗi a hannun amintacce, da yarjejeniyar abin da za a yi in ba a sami maigida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Khartum sun ga an rufe intanet a Yuni 2019, da Oktoba 2021, da Fabrairu 2024.

Na shida, ranar wahala maigida ya zo da ƙafarsa. In yaro ya ji rauni, in an yi gobara, in hukuma ta zo, in an yi rasuwa a gidan ma'aikaci, saƙo bai isa ba. Zumunta a ƙafa take.

A Maris 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓe Khartum, mutane kuma suka fara komowa kaɗan kaɗan. Da yawa sun tarar an kwashe injuna, an ɓalle ƙofofi, har wayoyin lantarki an tone su domin tagulla. Kuɗin gyara yana iya zuwa daga nesa, amma masu walda da magina da kafintoci ne za su ta da rumfunan, wani kuma zai durƙusa ya dasa bagaruwa a bakin kogi, ko da ba shi ne zai sha inuwarta ba. In an sake gina unguwar, zai yi kyau a gina ta yadda yaron gareji ma zai iya ƙetare Titin Kurmi.

Ba sai an yi yaƙi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kafin a koyi wannan ba. Mai sana'ar da ya sami hanyar zama a gindin bishiya, bari ya gode wa Allah, ya zauna da zuciya ɗaya. Amma kafin ya shimfiɗa tabarma, ya tambayi kansa wa ya bari a bakin wuta, me ya bar masa, yaushe kuma shi ma zai zo ya zauna.